Tsohon Kare da Maganin Farfaɗiya: Auna Amfanin Magani da Nauyin da Yake Ɗora wa Jiki

Karen da ya manyanta kuma yake shan maganin farfaɗiya yana fama ne da abubuwa uku a lokaci guda, wato ciwon kansa, maganin da ake ba shi, da kuma tsufa. Wahalar da ke gaban mai kare da likitan dabbobi ita ce waɗannan ukun sukan bayyana da kama ɗaya. Kare ya riƙa tangaɗi, ƙafafunsa na baya suna zamewa, ya yini yana barci, ya tashi da dare yana zagaye gida ba tare da sanin inda ya dosa ba, ko ya saki fitsari a makwancinsa alhali shekara da shekaru bai taɓa yin haka ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu za ta iya fitowa daga ciwon da ke cikin ƙwaƙwalwa, za ta iya zama aikin magani, kuma za ta iya zama yawan shekaru ne kurum. Idan ba a rarrabe su ba, sai a ɗora wa tsufa laifin da magani ne ya aikata shi, a bar dabba cikin wahalar da ƙaramin gyara zai iya rage ta, ko kuma a tsorata da maganin a janye shi farat ɗaya, wanda shi ne kuskure mafi hatsari a wannan harka.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne wane irin tsohon kare ake magana a kansa, domin kashi biyu ne kuma lissafinsu ya bambanta. Akwai wanda ya taso da ciwon tun yana ƙarami. Farfaɗiyar da ba a gano mata dalili a zahiri ba, wadda a wasu nau'o'in karnuka gado ce, takan fara ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 6 da haihuwa, don haka irin wannan kare yakan riski tsufa bayan ya shafe shekaru yana shan magani, hantarsa kuma ta daɗe tana aiki tuƙuru. Sannan akwai wanda bai taɓa faɗuwa ba sai da ya wuce shekara 6 ko 7. A wurin wannan na biyu, faɗuwar galibi alama ce ta wani ciwo dabam, kamar ƙari a ƙwaƙwalwa ko a fatar da ta lulluɓe ta, toshewar jijiyar jini, kumburin ƙwaƙwalwa, ko kuma matsalar da ba a cikin kai take ba ko kaɗan, irin su faɗuwar sukari a jini saboda ƙarin da ke fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, ciwon hanta, ciwon ƙoda, ƙarancin kalsiyam ko cin guba. Shi ya sa likita ba ya tsayawa a kan rubuta magani kawai ga karen da ya fara farfaɗiya da tsufa, sai ya yi gwajin jini da na fitsari, ya auna hawan jini, idan hali ya yi kuma ya nemi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Karen da sukarinsa ne ke faɗuwa, ba maganin farfaɗiya ne buƙatarsa ta farko ba.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da farfaɗiya alhali ba ita ba ce. Karen da zuciyarsa ta yi rauni yakan sume na 'yan daƙiƙu, musamman bayan tari ko zumuɗi, sannan ya miƙe garau ba tare da ruɗewar da ke biyo bayan farfaɗiya ba. Wani kuma ciwon cikin kunne ne mai dagula daidaiton jiki yake kama shi kwatsam, ya karkatar da kai gefe guda, ƙwayar idonsa tana rawa, yana faɗuwa ɓangare ɗaya. Ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauka da waya yakan amfani likita fiye da dogon bayanin wanda hankalinsa ya tashi lokacin da abin ke faruwa.

Ba kowace faɗuwa ce ake fara magani saboda ita ba. Kwamitin ƙwararrun likitocin dabbobi na ƙasa da ƙasa da ya fitar da ƙa'idojin kula da farfaɗiyar karnuka a shekarar 2015 ya ba da shawarar a fara magani idan kare ya faɗi sau biyu ko fiye cikin wata 6, ko ya faɗi a jere cikin awa 24, ko faɗuwar ta zarce minti 5 ba ta tsaya ba, ko ruɗewar da ke biyo bayanta ta yi tsanani har ta kai ga makanta ta ɗan lokaci ko kai wa mutane cizo, ko kuma abin yana ƙara yawa da ƙarfi. Burin kowa shi ne faɗuwar ta daina gaba ɗaya, amma a aikace ana ɗaukar magani ya yi tasiri idan ya rage yawanta da rabi ko fiye, kuma kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na karnuka masu farfaɗiya ba sa samun sauƙin da ake so daga magungunan da aka saba bayarwa. Wannan adadi yana da muhimmanci ga mai tsohon kare, domin yana nuna cewa ɗora magani a kan magani ba koyaushe yake biyan buƙata ba, alhali illolin kan taru duk lokacin da aka ƙara wani.

Akwai wata gaskiya da ke da wuyar karɓa ga wanda ya taɓa kallon karensa yana jijjiga a ƙasa da kumfa a baki. A lokacin faɗuwar da ta game jiki, kare ba ya cikin hayyacinsa, kuma mai kallo ne yake ɗaukar mafi yawan firgicin. Faɗuwar kanta galibi ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, illar magani kuwa tana tare da dabbar safe da yamma, kowace rana. A ganina, karen da ke faɗuwa sau ɗaya cikin 'yan watanni na ɗan gajeren lokaci, amma yana tashi da kansa, yana cin abinci da marmari, yana tarbar mai shi a bakin ƙofa, ya fi zama cikin jin daɗi a kan wanda ba ya faɗuwa ko kaɗan amma magani ya kwantar da shi har ba ya iya miƙewa ya je ya sha ruwa. Wannan hukunci bai shafi karen da ke faɗuwa a jere ko wanda faɗuwarsa ke daɗewa ba, domin a wurinsa sassauta magani na iya kai ga rasa rai.

Dalilin da ya sa maganin da kare ya jure yana ɗan shekara 5 zai iya fara kayar da shi yana ɗan shekara 12 yana cikin yadda jiki ke sarrafa magani. Hanta takan rage ƙarfin wargaza sinadarai, ƙoda ta rage saurin tacewa, tsoka ta zube, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara saurin jin duk wani abu mai sa barci. Nauyin jiki ma yana canzawa. Karen da aka auna masa magani lokacin yana da kilo 30, idan ya rame ya koma kilo 25 ba a sake lissafi ba, to kowane kilo na jikinsa yana karɓar kashi 20 cikin 100 fiye da yadda aka tsara tun farko, duk da cewa ƙwayar da ake ba shi ba ta canza ba.

Fenobabital shi ne maganin da aka fi dogara da shi, kuma tsohon magani ne, domin tun 1912 ake amfani da shi wajen farfaɗiyar mutane. Yana aiki sosai. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2012, inda aka kwatanta shi da wani maganin farfaɗiya mai suna buromayid, kashi 85 cikin 100 na karnukan da aka ba fenobabital sun daina faɗuwa a tsawon gwajin, alhali kashi 52 ne suka samu haka a ɓangaren buromayid. Akan fara da miligiram 2.5 zuwa 3 ga kowane kilo sau biyu a rana, kuma yakan ɗauki kusan mako 2 kafin yawansa a jini ya daidaita, wanda a lokacin ne ake yin awon farko. A waɗannan makonnin farko ne barci da tangaɗi suka fi tsanani, kuma yawanci sukan lafa yayin da jiki ya saba, ko da yake tsohon kare na iya ɗaukar lokaci fiye da matashi. Ƙishirwa, yawan fitsari da yunwar da ba ta ƙarewa kuwa sau da yawa ba sa tafiya, sai dai a koyi zama da su.

Maganar hanta ce ke buƙatar natsuwa, domin a nan ne ake yawan tsorata ba gaira ba dalili, a nan ne kuma ake yawan yin sakaci. Fenobabital yana sa hanta ta ƙara samar da wasu sinadaran aikinta, saboda haka a gwajin jini akan ga wani adadi da ake kira ALP ya hau sama a karnuka da yawa, ba tare da hantar ta samu rauni ba. Ganin wannan adadi shi kaɗai ba hujja ba ce ta dakatar da magani. Lalacewar hanta ta gaskiya ta fi samun karnukan da yawan maganin a jininsu ya daɗe yana sama da miligiram 35 a kowace lita, kuma alamunta a gwaji su ne raguwar furotin da ake kira albumin da hauhawar sinadaran maɗaciya a jini. Abin da ƙwararru suka fi so shi ne yawan maganin ya tsaya tsakanin 25 zuwa 30 a mafi yawan karnuka. A gida kuwa, alamar da ta fi cancantar a yi hanzari a kanta ita ce karen da ya daɗe yana shan awo ɗaya lafiya ƙalau, sai kwatsam ya fara yawan barci da tangaɗi kamar sabon shiga. Wannan na iya nufin hantar ta gaza fitar da maganin, ya fara taruwa a jini. Idan aka haɗa da rashin ci, ramewa, kumburin ciki ko shawara a ido da dasashi, to ba abin jira ba ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce gwajin jini da na aikin hanta bayan wata 3 da fara magani, sannan duk bayan wata 6, kuma likita na iya matso da lokacin ga karen da ya tsufa.

Wannan magani yana da wasu halaye biyu da ke ruɗar da lissafi. Na farko, yana hanzarta fitar kansa daga jiki, ta yadda bayan wasu watanni awon da ya isa a farko zai iya kasawa, faɗuwa ta dawo. Na biyu, yana rage yawan sinadarin tayiroyid, wanda wata gaɓa da ke wuya ke samarwa, da ake gani a gwajin jini, kuma da yake kasala da ƙiba su ne alamun ƙarancin wannan sinadari, yana da sauƙi a ce tsohon kare yana da ciwon tayiroyid alhali ba shi da shi, a ƙara masa maganin da ba ya buƙata. A wasu karnuka 'yan kaɗan kuma yakan danne ɓargo ya rage ƙwayoyin jini, galibi a watannin farko, abin da yakan warware idan an canza magani a kan lokaci.

Buromayid ya ma fi fenobabital tsufa, domin tun 1857 aka fara amfani da shi a Ingila. Fifikonsa shi ne ba ya bi ta hanta, ƙoda ce ke fitar da shi yadda ya shiga, don haka ake komawa gare shi idan hanta ta yi rauni, ko a haɗa shi da fenobabital idan wancan ya gaza shi kaɗai. Amma magani ne mai nawa ƙwarai. Jikin kare yakan ɗauki kimanin kwana 24 kafin ya fitar da rabin abin da ke cikinsa, kuma sai an yi kusan wata 3 kafin yawansa ya daidaita. Kamar babban tanki ne da ake cika shi da ɗigo, ba a ganin cikarsa da wuri, idan ya tumbatsa kuma ba ya raguwa da wuri. Ma'anar wannan ita ce illarsa tana iya bayyana watanni bayan an fara shi, lokacin da mai kare ya riga ya daina alaƙanta sabon abu da maganin, kuma ko an rage awon yau, sai an yi makonni kafin a ga sauƙi.

Abin da ya sa buromayid yake da wuyar sha'ani a tsohon kare shi ne dangantakarsa da gishiri. Ƙoda tana riƙon buromayid da kuloraid ɗin da ke cikin gishiri ta hanya ɗaya, suna takara da juna. Idan gishirin abinci ya ƙaru, buromayid yakan fita da sauri, yawansa a jini ya sauka, faɗuwa ta dawo. Idan gishirin ya ragu, sai maganin ya taru. To ga inda tsufa ke shigowa: karen da ya kamu da ciwon zuciya ko na ƙoda akan mayar da shi kan abinci mai ƙarancin gishiri, wanda shawara ce mai kyau a kan kanta, amma idan ba a tuna cewa yana shan buromayid ba, bayan wasu makonni sai a ga ƙafafunsa na baya sun mutu, yana tangaɗi, hankalinsa ya dushe. Da yawa za su ce amosanin gaɓɓai ne ya tsananta ko tsufa ne ya ci ƙarfinsa, alhali gubar maganin ce, kuma tana warwarewa idan likita ya rage awo, ko a yanayi mai tsanani ya ƙara masa ruwan gishiri ta jijiya. Haka nan maganin fitar da ruwa daga jiki na furosamayid, wanda ake yawan ba masu ciwon zuciya, yana hanzarta fitar buromayid, ita kuma ƙodar da ta fara gazawa tana jinkirta shi. Ban da wannan, buromayid yana tayar da ciki ya sa amai idan ba a haɗa shi da abinci ba, an kuma danganta shi da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, musamman idan ana shan sa tare da fenobabital. Wannan ya sa abinci mai maiƙo sosai bai dace da irin wannan kare ba.

Lebetirasetam, wanda aka fi sani da sunan Keppra, shi ne wanda likitoci da yawa ke karkata gare shi idan kare ya tsufa, ko hantarsa ba ta da ƙarfi, ko kuma ƙari ne a ƙwaƙwalwa ke jawo faɗuwar. Yana fara aiki da wuri, hanta ba ta wahala da shi, illolinsa kuma galibi masu sauƙi ne, wato ɗan barci, ɗan tangaɗi, wani lokaci rashin ci ko sauyin hali. Aibinsa shi ne saurin fita daga jiki, domin cikin awa 3 zuwa 4 rabinsa ya tafi, saboda haka sai an bayar sau uku a rana, duk bayan awa 8. Akwai nau'in da ke narkewa a hankali wanda ake bayarwa sau biyu, amma ba a fasa shi ko a niƙa shi, abin da ke sa ya yi wa ƙananan karnuka wuyar aunawa. Idan ana shan sa tare da fenobabital yakan ƙara saurin fita, idan ƙoda ta yi rauni kuma akan rage awonsa. A wasu karnuka yakan yi aiki sosai a watannin farko sannan ƙarfinsa ya ragu. Zonisamayid, wani maganin farfaɗiyar, sau biyu ake sha a rana, yana bi ta hanta, yana iya sa rashin ci da amai, kuma a wasu lokuta ƙalilan yakan cutar da hanta ko ƙoda. Imefitoyin, mai sunan kasuwa Pexion, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2013, ba ya buƙatar awon yawansa a jini, amma an yi shi ne domin farfaɗiyar da ba a gano dalilinta ba, kuma ba shi ne zaɓi ba ga karen da ke faɗuwa a jere.

Da wuya a samu tsohon kare yana shan magani ɗaya tak, kuma a haɗuwar magunguna ne ake samun illolin da ba a yi tsammani ba. Gabafentin da ake bayarwa domin ciwon gaɓɓai ko na jijiya yana ƙara barci da tangaɗi a kan wanda fenobabital ya riga ya kawo, kuma wasu nau'o'insa na ruwa da aka yi domin mutane suna ɗauke da zailitol, wani abin zaƙi mai guba ga karnuka. Tiramadol yana iya sauƙaƙa wa faɗuwa hanya. Firednisolon, wanda ake bayarwa domin rage kumburin da ke kewaye da ƙari a ƙwaƙwalwa, shi ma yana kawo ƙishirwa, yawan fitsari, yunwa, haki da zubewar tsoka, don haka idan ya haɗu da fenobabital sai waɗannan matsaloli su ninka. Fenobabital kuma yana hanzarta fitar wasu magungunan daga jiki har su kasa aiki, yayin da wasu, kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta na kuloramfenikol, ke hana shi fita har ya taru. Ko maganin kaska da ƙuma ma yana cikin lissafi, domin a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa an samu rahoton jijjiga da farfaɗiya a wasu karnukan da aka ba magungunan rukunin isokzazolin. Saboda haka duk likitan da zai rubuta wa irin wannan kare wani abu, ya kamata a nuna masa jerin duk abin da yake sha, har da abubuwan ƙarin lafiya da aka saya ba da takardar likita ba.

Hanya mafi inganci ta rarrabe aikin magani da aikin tsufa ko na ciwo ita ce lura da lokaci, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da rubutu. Littafi ƙarami ya isa, a riƙa rubuta ranar faɗuwa da tsawonta da yadda kare ya farfaɗo, lokacin ba da magani, duk wani canjin abinci, da nauyin jiki sau ɗaya a wata. Tangaɗin da ke tsananta awa ɗaya ko biyu bayan shan ƙwaya sannan ya lafa yana nuni ga magani. Wanda ya fara bayan an ƙara awo ko an canza abinci shi ma haka ne. Taurin jiki da safe wanda ke sassautawa bayan kare ya ɗan taka ya fi kama da amosanin gaɓɓai. Rauni a ɓangare ɗaya na jiki, zagayawa ta gefe guda, danna kai a bango ko sauyin hali da ke ƙaruwa mako bayan mako sun fi nuni ga ciwon da ke cikin ƙwaƙwalwa. Da irin wannan bayani da kuma awon jini, likita yana da zaɓi da dama: ya rage awon idan yawan maganin ya yi sama, ya rarraba shi a lokuta dabam, ko ya shigo da wani magani sannan ya janye na farko a hankali. Fenobabital musamman jiki yana dogara da shi, kuma yanke shi kai tsaye na iya tayar da faɗuwar da ba ta tsayawa. Shawarar ƙwararru ita ce kada ragin ya wuce kashi 20 cikin 100 a wata, sai fa idan rai na cikin hatsari saboda hanta ko jini, inda ake janye shi da sauri a ƙarƙashin kulawar likita tare da maye gurbinsa da wani nan take.

Illolin da ba za a iya kawar da su ba ana rage nauyinsu ne da tsarin gida. Ba a hana karen da ke shan waɗannan magunguna ruwa domin a rage fitsari, sai dai a ƙara yawan fitar da shi, musamman gab da kwanciya da kuma da asuba, a shimfiɗa masa abin da ke tsotse ruwa, a kuma kula da tsaftar fatarsa. Idan sakin fitsarin sabon abu ne, yana da kyau a gwada fitsarin, domin ciwon sanyin mafitsara ya zama ruwan dare a tsofaffin karnuka. Yunwa kuwa ana magance ta da raba abincin yini gida uku ko huɗu ba tare da ƙara yawansa ba, domin kowane kilo da ya ƙaru nauyi ne a kan ƙafafun da suka riga suka yi rauni, a kuma rufe kwandon shara da ma'ajiyar magunguna, tun da karen da yunwa ke kora yana cin abin da a da ba ya kallo. Daɓe mai santsi a shimfiɗa masa darduma, matakala a tare ta, a yi amfani da ɗamarar tallafi wajen tayar da shi, a kuma ci gaba da ɗan tattaki kowace rana domin tsokar da ba a motsa ta saurin zubewa take yi. Wani bincike da aka yi a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa abincin da aka ƙara wa man MCT, wani nau'in mai da ake tacewa daga man kwakwa, ya rage yawan faɗuwa a wasu karnuka, amma ba canji ba ne da za a yi ba da sanin likita ba, musamman ga mai shan buromayid ko wanda ya taɓa kumburin fankiriyas.

Idan faɗuwa ta zo, aikin mai kare shi ne ya janye abubuwan da za su ji wa dabbar rauni, ya rage haske da hayaniya, ya duba agogo. Ba a sa hannu ko wani abu a bakin kare, domin ba ya haɗiye harshensa, cizon da zai yi ba da saninsa ba kuma yana iya zama mai muni. Faɗuwar da ta kai minti 5, ko wadda ta maimaitu a rana ɗaya, tana buƙatar likita cikin gaggawa, saboda zafin jiki yana hawa kuma ƙwaƙwalwa na iya samun rauni. Likita na iya ba da maganin gaggawa na ajiyewa a gida, ko dai diyazefam da ake sawa ta dubura ko midazolam da ake fesawa ta hanci, kuma wani gwaji na 2017 ya nuna na hancin ya fi saurin tsayar da faɗuwar da ta ƙi tsayawa. Ya kamata a tambayi likita tun kafin buƙatar ta taso abin da za a yi idan an manta da awo ɗaya ko kare ya amayar da ƙwayar.

Wajen auna ko rayuwar kare tana da sauran daɗi, akwai ma'aunin da likitar dabbobi 'yar Amurka, Alice Villalobos, ta tsara, wanda ke duba abubuwa 7: ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsafta, walwala, iya motsi, da kuma ko ranaku masu daɗi sun rinjayi marasa daɗi. Kowanne ana ba shi maki har zuwa 10, kuma jimlar da ta haura 35 ana ɗaukarta a matsayin rayuwar da za a iya ci gaba da tallafa mata. Ma'aunin yana da amfani, amma ba domin farfaɗiya aka yi shi ba, kuma wanda ya cike shi a ranar da karensa ya faɗi zai samu sakamakon da firgici ya rubuta. Ya fi kyau a cike shi a ranakun da ke tsakanin faɗuwa, a maimaita duk mako, a duba inda makin ya dosa. Ƙarfin mai kare ma yana cikin lissafin, ko da yake mutane suna jin nauyin faɗar haka. Wanda ba zai iya ba da magani duk bayan awa 8 ba saboda aiki, gara ya faɗa wa likita a zaɓi tsarin da zai iya riƙewa, domin maganin da ake tsallake lokacinsa yana iya zama sanadin faɗuwar da ake gudu.

Akwai lokacin da gyaran awo ba ya ƙara komai, musamman idan ƙari ne ke girma a ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne faɗuwar da ke zuwa a jere duk da magunguna biyu ko uku da awonsu ya cika a jini, karen da ba ya komawa hayyacinsa tsakanin faɗuwa da faɗuwa, wanda ya daina gane mutanen gidan, ko wanda awon da zai hana shi faɗuwa shi ne kuma awon da ke hana shi tashi. Zai fi sauƙi idan mai kare da likita sun tattauna wannan iyaka tun da sauran lokaci, su amince da abin da idan an gan shi za a kawo ƙarshen wahalar da allurar da ke ɗauke rai cikin barci, maimakon a bar hukuncin ya faɗo da tsakar dare a kan karen da ke jijjiga ba tsayawa. Ko bayan an tsayar da ranar, ana ci gaba da ba da maganin farfaɗiyar a kan lokacinsa har zuwa awon ƙarshe, tare da ajiye maganin gaggawa a kusa, domin janye shi a waɗannan kwanaki na iya tayar da faɗuwa mafi tsanani da karen ya taɓa yi.